Fuskar Gidan Jirgi

Yaran unguwarmu sun ce aikina wasan taɓo ne. Ɗaya ma cikinsu, wanda ya gama makarantar koyon gini, ya tsaya a ƙofata yana cewa, "Mama, ai shafa ƙasa a bango ko akuya ta iya in ta jingina." Na ce ya je ya kawo akuyar gidansu in gwada ta. Tun da ba za ku zauna ku ji da kunne ba, bari in rubuta muku. Rubutuna ba shi da kyau, don sai da na haifi biyar na shiga ajin manya na majami'armu, na zauna benci ɗaya da 'yar ƙanwata. Amma abin da zan faɗa da hannuna na san shi.

Sunana Rifkatu. Daga wajen Zonkwa aure ya kawo ni Kafanchan, mijina yana gyaran layi a reluwe. Aikina kuwa fuskar gida.

In ka sauka a tasha ka gangara wajen tsohuwar kasuwa, akwai layin da gidajensa suka girme ni. Fatake ne suka gina su lokacin da jirgi ya fara tsayawa a garin nan, masu goro da masu citta da masu fata. Daga Zazzau suka ɗauko magina. Ruwan samanmu ba ya barin rufin ƙasa ya yi ƙarko, saboda haka rufin duk kwano ne. Amma gaban gidan sai a ɗaga shi ya fi kwanon tsawo, a kafa masa zankwaye, 'yan kunnuwan nan da ke tsaye a kusurwa, sannan a zagaye ƙofar zaure da zane mai tudu. Kowa da abin da yake so a san shi da shi. Wani takobi, wani agogo, wani keke har da ƙararrawa. Wannan gaban shi muke kira fuska. Cikin gida na mai gida ne, fuska kuwa ta duk wanda ya bi layin ce. Baƙo in ya tambayi hanya ba a ba shi lamba, sai a ce ya wuce Gidan Agogo ya sha kwana a Gidan Keke.

Aikin farko da na yi a layin nan, ruwa na ɗebo. Baba Tanimu nake ɗebo wa, tsoho Bazazzagi, na ƙarshe cikin maginan da suka ɗaga gidajen. Ran nan ya tafi sallar azahar ya bar shafe rabi, rana tana cin sa. Na ga zai bushe da gaɓa a tsakiya, sai na sa hannu na ƙarasa yadda muke shafe rumbu a gida. Da ya dawo ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya taɓa mini bango?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Mace?"

"Baba, bangon bai tambaya ba."

Bai yi dariya ba. Ya kama yatsana ya bi da shi kan abin da na shafa. Ya ce, "Kin ji? Kowane shafi naki ya bar baki yana kallon sama. Nan ruwa zai zauna. Na sama ya hau kan na ƙasa, yadda ake jera kwano. Kankare." Na kankare duka, na sake. Ya ce in sake kankarewa. Sau uku. Da la'asar ya ce gobe kada in zo da garwa, in zo da tsohon zane. Shekara uku ina shafe fili kafin ya bar ni na taɓa zane mai tudu, ranar ma tsaye yake a bayana da sanda yana nuna mini inda zan bi.

Kayan aikinmu ba su cika kwando ba. Turmi da taɓarya, rabin duro na jiƙo, rariya, ƙwarya biyu, tsintsiya, ɗan ƙaramin madaɓi na katako, tsani na gwangwala. Na zane kuwa tsohon cokalin cin abinci ne da wuƙa mai karyayyen baki. Da Baba Tanimu ya rasu 'ya'yansa suka raba riguna, ni cokalin na roƙa. Sauran kayan aikin hannunka ne, kuma hannun ba zai sake zama irin na mutane ba. Ran Lahadi in na ɗaga hannu cikin waƙa, matan zumuntar majami'a sai su ce, "Ga amaryar Hausawa ta sha lalle." Ba lalle ba ne, makuba ce.

Ku ɗin nan kun san daddawa a miya, ba ku san makuba ba, alhali uwarsu ɗaya. In ɗorawa ta nuna, mata su cire garin, su cire kalwa su yi daddawa, sai a bar ɓawon. Ɓawon nan shi ne makuba. A busar da shi, a daka, a jiƙa kwana uku har ruwan ya yi duhu, in ka murza tsakanin yatsu ka ji yana kamawa. Da wannan ruwa ake kwaɓa jar ƙasa a shafe fuska, in ta sha iska a yayyafa wani da tsintsiya. In an yi daidai, ruwan sama zai bugi bango ya zame kamar a bayan agwagwa. Duk bayan damina biyu a sake. Ɗorawa kuwa sai ruwa ya kusa sauka take nuna, saboda haka makubar da za ka yi aiki da ita bana, ta bara ce. Ku riƙe wannan, don a nan na faɗi.

Masu gida kuma kowa da halinsa. Na Gidan Keke, da ya sayi babur, ya kira ni ya ce in ƙara wa keken tanki da salansa. Na ce, "Alhaji, babanka keke ya hau. In kana son babur a bango, ga filin bayan gida." Ya yi fushi wata biyu, sannan ya aiko a kira ni. Wata kuma so take in shafa shuɗin bula a kan takobi. Ita na yi mata, don bula wanke ta ruwa yake yi, ba ta cin ƙasa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a taɓa siffar abin da na tarar. Ba ni na zana ba, ajiya aka ba ni.

Gidan Agogo shi ya fara shan siminti, bayan yaƙin basasa da kaɗan. Wani birkila ya lulluɓe fuskar duka, ya yi mata fenti kore, mutane suka yi ta zuwa kallo. Ni ma na je. Damina uku bayan haka, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Ƙasa tana shan ruwa ta kuma fitar. Siminti in ya tsage ruwa ya shiga, ba ƙofar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ciki, gara ta samu ɗaki. Wata safiya ɓangare guda ya ɓalle ya faɗo kan dakali, ya taho da agogon a bayansa. Har yau Gidan Agogo ake ce masa, yara suna tambaya ina agogon.

Yanzu ga Gidan Jirgi. Shi ne babba a layin. Mai gidan ɗan kwangilar itace ne na reluwe a zamaninsa, ya sa aka zana masa jirgin ƙasa a saman ƙofa, daga wannan kusurwa zuwa waccan: kan jirgi a dama da bututunsa, hayaƙi yana nannaɗewa sama wajen zanko, tarago huɗu a baya. Lokacin da abin nan ya faru ya riga ya rasu, matarsa Hajiya Dije ce a gidan, tsohuwa mai kaifin baki. Ni da ita mun dace. Tun bayan Baba Tanimu ba wanda ya taɓa fuskar nan sai ni da Talatu, abokiyar aikina, 'yar Kagoma ce.

Shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira, ɗorawa ta ƙi. A arewa fari aka yi, mu nan ruwa bai yanke mana ba, amma furen ya zube bai ɗaura ba. Daddawa ta yi wuya har mata suka koma dunƙulen kanti. Ban damu ba a lokacin, ina da ragowa. Sai da rani ya zagayo, lokacin shafen Gidan Jirgi ya yi, na zaga kasuwa ban samu ɓawo ko cikin ƙwarya ba. Fuskar kuwa ta riga ta yi damina biyu, ta fara furfura, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka. Damina ta uku ba za ta bar ta ba.

A wannan ranin ne gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi. Garba, babban ɗan Hajiya, akawu ne a Kaduna. Wata Asabar ya sauka daga jirgi, ran Litinin mota ta sauke buhunan siminti a zaure. Hajiya ta aiko a kira ni. Na tarar da shi tsaye da farar riga yana auna bango da ido.

Na ce, "Malam Garba, sannu da zuwa. Kabarin wa za a yi da wannan?"

Ya ce, "Mama, fuska za a gyara."

"Ka leƙa Gidan Agogo?"

"Na leƙa. Wancan birkilan bai san aiki ba. Nawa zai sassaƙe tudun duka bango ya miƙe, ya buga ƙusa da waya, sannan ya yi filasta. Shekara talatin ba a sake magana."

"Jirgin fa?"

"Jirgi yana tasha, Mama. Mai son gani ya je can."

Hajiya tana zaune kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Ka ji ɗan da na haifa."

Ba mugun yaro ba ne, kada ku ɗauka haka. Ya ce ya gaji da jin uwarsa ba ta barci duk sanda hadari ya haɗu, kuma ya ji labarin babu makuba a gari, da me zan yi aikin? Gaskiyarsa ce. Na ce ya ba ni zuwa Ista. Ya dubi uwarsa, sannan ya ce, "Na ba ki. Amma in ruwan farko ya sauka ƙasa ta zubo, ko kaɗan ne, siminti zai hau. Kin yarda?" Na ce na yarda. Buhunan suka zauna a zaure kan katako, kullum sai na wuce ta gabansu.

Talatu ce ta ce mu je garinsu. Ta ce tsofaffin can ba sa rabuwa da ɓawo, suna cusa shi a saman rumbu shekara da shekaru. Muka hau motar katako ranar kasuwa, muka sauka gidan gwaggonta, Kaka Dinatu. Yarenta daban nawa daban, da Hausa muka gaisa. Ta kai mu bayan gida ta ɗaga hular rumbu, ga ɓawo nan baƙi ƙirin, busasshe, irin wanda nake mafarki. Na kwance bakin zanena.

Ta ce, "Mayar, 'yata. Nan ba a sayar da shi."

Na ce, "Kaka, kalwa ma ana sayarwa."

"Kalwa ta kasuwa ce. Wannan na rumbu ne, da daɓen ɗaki in yaro zai yi aure. In na sayar, gobe a majami'a za a ce Dinatu ta fid da rai da cika rumbunta. Ke za ki zauna kusa da ni a benci?"

Gida biyar muka shiga, amsa ɗaya. Na zauna gindin mangwaro ina kallon rumbunan, duk sun tsattsage, su ma lokacin shafensu ya yi. Sai na tambayi Kaka ɓawo nawa take jiƙa wa rumbu ɗaya. Ta nuna mini kwando. Na ce rabin wannan ya ishe ni. Ta yi dariya har da tafa cinya. Su a can jiƙawa suke yi ɗungum ba daka, su tsame su zubar, ƙarfin duk yana cikin abin da suka zubar. Na ce, "Ki ba ni kwandon da kika saba. In shafe miki rumbu da kaina. Abin da ya rage nawa ne. Ba ki sayar ba, rumbunki ne ya ci, ni kuma na kwashe ragowar kwano."

Ta dube ni ta ce da Talatu, "Wannan ƙawar taki ta taɓa zama da lauya?"

Kwana goma sha biyu muka yi a Kagoma, rumbu tara. Da safe daka, da hantsi kwaɓi, da yamma shafe. Matan suna tsaye suna gyara mini Hausa ina gyara musu hannu. Doya muka ci har na daina son ganinta. Ranar dawowa muka ɗora buhu biyar a mota. Fuskar Gidan Jirgi shida take ci. Na san haka tun kafin mota ta tashi, amma na ce wa kaina zan matse.

Daga hagu muka fara, daga ƙasa muna hawa. Tarago na ƙarshe ya tsage a gindi, sai da na buɗe tsagar da wuƙa, na jiƙa ta, na cusa sabuwar ƙasa da yatsa kaɗan kaɗan, na bar ta kwana biyu kafin in shafe. Ƙafafun jirgin kowace da cokali na bi ta. Wannan ba a yin sa da rana tsaka, sai inuwa ta faɗo kan bango, in ba haka ba ya bushe da sauri ya yi ƙyasbi. Hajiya tana fitowa da kujera ta zauna a ƙofa, ta ce tagar tarago na biyu ta karkace. Na ce tun zamanin mijinki a karkace take. Ta ce to kada in kuskura in miƙe ta.

Ran Laraba ta makon Ista duro ya ƙare. Saura kusurwar dama ta sama: bututun jirgi, da hayaƙin, da zanko ɗaya. Faɗin tabarma ɗaya ne kawai. Hadari kuwa ya fara taruwa kan duwatsun Kagoro duk yamma. A bayan kwatas ɗin reluwe akwai ɗorawa uku, bana sun yi 'ya'ya jingim, amma kore shar, saura sati uku su nuna.

Talatu ta ce, "Yaya, kada ki yi."

Na ce, "Ɓawo ɓawo ne."

"Ke kika koya mini ba haka ba ne. Mu rufe wurin da zana, mu gaya wa Hajiya a jira."

"In ce wa Garba ban gama ba? Ya riƙe baki yana kallona?"

Kun ji dalilin. Ba hadari ba ne ya tura ni, bakin da na yi a zaure ne. Na sa aka kaɗo ɗanyen, na daka, na jiƙa kwana ɗaya. Ruwan ya fito fari-fari, ba ya kama yatsa. Na wanke gindin duro na zuba a kai ya ɗan yi duhu, na kwaɓa da jar ƙasa. A ido ba ka bambancewa. Ran Asabar na sauko daga tsani, Hajiya ta sa mini albarka, mutanen layi suka yi ta sannu da aiki.

Litinin bayan Ista da azahar ruwa ya sauko, irin na farko mai iska, kuma daga dama ya bugo. Ina gida na ji shi a kwano, na ɗauki buhu na rufa a kai na fita. Tun daga kwanar Gidan Keke na ga jan ruwa yana bin kwata. Taragu huɗu suna nan suna ƙyalli, ruwa yana zamewa a kansu. Bututu babu. Hayaƙi babu. Zanko ya zama kamar curin tuwon da aka bari a ruwa.

Ran Asabar Garba ya zo, da birkilansa a baya riƙe da guduma da kurfi. Layi ya cika. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya zage ni. Tausayina ake ji. Mai Gidan Keke ya ce, "Rifkatu ta yi iyakar ƙoƙarinta, har Kagoma ta je. Zamanin ƙasa ne ya wuce." Birkilan ya ce, "Ai ƙasa ƙasa ce, ko wa ya shafa." Garba ma da ladabi ya ce, "Mama, ba laifinki ba ne. Kin gani dai da idonki."

Talatu ta matso ta taka mini ƙafa. Na gane nufinta. In na yi shiru sunana yana nan fari tas, laifi ya hau kan ƙasa. Amma ran Litinin za a sassaƙe jirgin, kuma duk mai gida da ke tsaye a wurin ya ji da kunnensa cewa makuba ba ta riƙe ruwa. Keke zai bi, takobi zai bi.

Na ce a ba ni bokitin ruwa. Na watsa wa tarago na uku da ƙarfina, ruwan ya gangaro fari. Na ce da birkilan, "Kai mai guduma, sa farcenka a nan." Ya sa, bai shiga ba. Na ce, "Ruwan da ya bugi can shi ya bugi nan. Ƙasa ɗaya ce, daga rami ɗaya. Nan makuba ce. Can kuwa makuba ta ƙare mini, na kaɗo ɗanyar ɗorawa na jiƙa kwana ɗaya na shafa, na rufe bakina. Talatu ta hana ni, ban ji ba. Ƙasa ba ta yi ƙarya ba, ni na yi."

Hajiya ce ta fara magana.

"Rifkatu. A gidana kika yi algus?"

"A gidanki, Hajiya."

"Na sa miki albarka a kai."

"Kin sa."

"To dawo mini da ita." Ta tashi ta shige ciki, ta bar kujerar.

Mai Gidan Keke ya ce ashe haka ne, to bana kada in zo gidansa. Bai kira ni ba kuwa sai da shekara ta zagayo. Birkilan yana murmushi ya fara naɗe hannun riga. Garba ya je ya shafa taragon da na jiƙa, ya dubi tafinsa. Ya ja baya har tsakiyar titi ya ɗaga kai yana kallon inda bututu yake a da.

Ya ce, "Da kin yi shiru fa?"

Na ce, "Da Litinin ka sassaƙe."

"Yanzu ma alkawari ya ba ni."

"Ya ba ka. Ban zo roƙo ba. So nake in za ka sassaƙe, ka san ni ka kama, ba bangon babanka ba."

Ya tambayi yaushe ɗorawa za ta nuna. Na ce sati biyu, sai shanya, sai jiƙo, kuma ruwan farko yakan ba da tazara. Kafin nan zan rufe kusurwar da zana biyu. Ya juya wajen birkilan ya ce simintin a zuba shi ƙasa, a yi dakali da kwata gaban gidan don ruwan titi ya daina cin gindin bango. Na ce a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bangon a cika da tsakuwa. Birkilan ya ce ba a taɓa koya masa aiki ba. Garba ya ce yau an fara. Wannan dakalin kuwa, in faɗi gaskiya, ya yi wa gidan amfani fiye da yadda na zata. Siminti ba maƙiyina ba ne, wurin zamansa ne ƙasa.

Ɗorawar bana ta yi albarka, ɓawo har ana zubarwa. Na shanya, na daka, na jiƙa kwana uku cif, Talatu tana ƙirga mini da gangan da babbar murya. Na gina zanko daga gindi, kaɗan yau kaɗan gobe. Na ɗora bututu yadda hannuna ya san shi, dogo fiye da na jirgin gaske, mijina ya ce ba injin da zai shiga rumfar tasha da wannan wuya. Hajiya kwana tara ba ta amsa gaisuwata. Ran na goma ta aiko mini da kunun tsamiya a kwanon sha, ba saƙo.

Ina kan tsani ran Asabar ina nannaɗa hayaƙi da cokali, na gama na shida ina goge hannu, sai na ji murya a ƙasa. Garba ne, ko jakarsa bai ajiye ba.

"Mama, saura ɗaya."

Na ce, "Shekara nawa ina shafe hayaƙin nan? Shida ne."

"Bakwai ne. Na bakwai ƙarami ne, yana maƙale a gindin zanko, sai ka tsaya bakin kwata kake ganinsa. Da shi babana ya koya mini ƙirga."

Na leƙa gindin zanko. Ga ɗan gurbinsa nan, ruwa bai share shi ba, kamar an danna babban yatsa a ƙasa. Shekara da shekaru ina bin sa da hannu, na ɗauka kuskuren magini ne.

Na ce, "Kai da ka ce mai son ganin jirgi ya je tasha?"

Ya ce, "Ki dai sa na bakwai."

Na ce Talatu ta miƙo mini ƙwarya.